Armiya'u Mai Fanka da Kukan Bayan Bango

Bayan sallar isha'i ne, ana tsakiyar bazara, wani sauti ya taso a unguwarmu a nan Ƙaura Namoda. Ya fara siriri kamar kukan sauro, sai ya yi kauri, ya yi ta hawa har ya koma kamar tarin babura na tahowa daga nesa. Yawancinmu ba mu kula ba. Amma Inna Furera, dattijuwar da ta gudo daga wani ƙauye na yankin Moriki, ta san irin wannan ƙara, domin ranar da ta ji ta a ƙauyensu ita ce ranar da ta rasa gidanta. Ta fito ba mayafi ba takalmi, ta nufi gonakin bayan gari, sai da matan gida suka bi ta suka riƙo ta.

Babu babur ko ɗaya. Kukan akwatin gem ne, na'urar wasan bidiyo ta Imrana, wanda shagonsa ya haɗa bango da ɗakin da aka ba ta.

Saboda abin da ya biyo bayan wannan dare nake so in jinjina wa Malam Armiya'u Mai Fanka, yanzu da ya ajiye aiki.

A da, kullum da hantsi za ka same shi a rumfarsa ta kusa da tashar jirgin ƙasa. Zai shimfiɗa buhu, ya jera sukundirebobinsa, da tsohon burushin haƙori, da famfon keke da yake hura ƙura da shi. Da rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma fankar sama, har zamani ya kawo akwatunan gem da samari ke buga ƙwallo a ciki. Ba ya buɗe na'ura sai ya kunna ta, ya rufe ido, ya kara kunne kamar mai jin sirri. Sodangi direba, wanda ke ɗauko masa na'urorin gyara daga Shinkafi da Zurmi, ya ce bai taɓa jin ya tambayi me ya lalace ba. Tambayarsa ɗaya ce: a ina take zama?

Shi Imrana yaron kirki ne, tausayi ya kai shi ga kuskure. Da ya ji abin da ya sami Inna, sai ya lulluɓe akwatin da bargo don kukan ya ragu. Kuka ya ƙaru. Ya ce to zafi ne, ya jiƙa buhu ya naɗe shi da shi yadda muke yi wa jarkar ruwa. Kuka ya ƙara ƙaruwa, har akwatin ya riƙa kashe kansa ana tsakiyar wasa. Ita kuwa Inna ta daina barci. Ta ƙulle kayanta a zane, ta ce za ta koma ƙauye, gara ta ji baburan gaske da ta riƙa jin waɗanda ba wanda ke ji sai ita. Kowa ya san ba gidan da za ta tarar, kuma hanyar ba ta biyuwa.

Imrana ya kai akwatin rumfar Malam. A can, cikin inuwa da iska, aka kunna, sai ga shi shiru kamar ba shi ba. Da wani mai gyaran ne, da ya ce lafiya lau, ya sallame shi. Malam Armiya'u ya yi tambayar nan tasa, sannan ya rufe rumfa ya biyo shi har shago. Ya ga kwanon rufi ya sauko ƙasa, ga akwati a matse cikin kusurwa jikin bango, ga bargo a gefe.

"Imrana, amarya kay yi ba ka hwaɗa muna ba?" in ji shi. "Ko masassara taka yi da ka lulluɓe ta?"

Samarin shagon suka kwashe da dariya. Sai ya zauna ya yi musu bayani a hankali. Ya ce a cikin akwatin akwai wani ɗan abu da ba shi da aiki sai jin zafi, shi ne ke gaya wa fanka ta ƙara gudu ko ta rage. In an kunna da safe tana tafiya a hankali. In wasa ya yi zafi, ƙwaƙwalwar na'urar ta ɗau aiki, sai fanka ta hau mataki-mataki. In an tsaya ba ta sauka nan take, sai ta gama fitar da zafin da ya taru. In kuwa ta yi iya ƙoƙarinta abin ya fi ƙarfinta, na'urar kan kashe kanta don kada ta ƙone. Ya ce kukan ba shi ne ciwon ba, neman iska ne, kuma bargon toshe mata hanci ya yi.

Ni da nake zaune bakin ƙofa sai na tuna da ƙudan zuma, yadda suke jeruwa a bakin amya da rana tsaka suna kaɗa fukafukai don 'yan ciki su sami sanyi. Har yau ina mamakin yadda aka sa wa ƙarfe irin wannan hali.

Ya kwance akwatin, ya fiddo ƙura da yanar gizo da gawar kyankyaso. Ya goge busasshen farin man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke zuƙe zafi, ya shafa sabo. Ya sa aka raba akwatin da bangon Inna, aka ɗora shi kan bulo kusa da taga. A nan aikin mai gyara ya ƙare. Amma kai, Malam, ba ka tattara kayanka ba. Kai ne ka ce na'ura ta warke, saura mai jin ta.

Ya aika a roƙi Inna ta zo. Da ƙyar ta yarda, ta tsaya bakin ƙofa riƙe da ƙullin kayanta. Ya gaishe ta da girmamawa, ya roƙe ta ta kara tafin hannunta a bayan akwatin, inda iska ke fita. Ya ce samari su fara wasa. Sautin ya soma hawa, ta fara janye hannu, amma Malam ya ce ta daure ta ji abin da ke taɓa hannunta. Iska ce mai ɗumi, tana ƙara ɗumi. Ya ɗaga hannu, samari suka tsaya. Aka yi shiru ana saurare, sautin ya yi ta sauka har ya kwanta, iskar ta huce.

"Inna, babur ba ya tsayawa don na ɗaga hannu," in ji shi. "Wagga kau kin gani."

Ta daɗe hannunta na wurin. Sannan ta ce, "Ashe nishi taka yi, baiwar Allah."

A ranar ta kwance ƙullin kayanta. Yau in rana ta take, akwatin ya ɗan ɗaga murya, daga bayan bango za ka ji tana cewa, "Imrana, abar nan taka ta ji zahi, ku bar ta ta huta!" Samari kuwa sai su ajiye, su fita shan iska.

Abin da ya sa Malam ya ajiye aiki, kunnensa ne ya fara nauyi. Hannunsa lafiya lau, idonsa ma haka, amma ya ce ba zai taɓa kayan mutane da ƙiyasi ba. Kai ne kunnen unguwarmu, Malam Armiya'u. Kai ne ka riƙe mana Inna ba tare da ka riƙe hannunta ba. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya wa wasu. Ku kuma masu gyara da ke tasowa, ku koyi tambayarsa. In abu na kuka, ko na'ura ce ko mutum, kada ku fara da neman bargo.

Ranar Juma'ar da ta wuce Imrana ya dafa shayi a ƙofar shago, muka taru muka yi masa addu'a. Inna ta aiko da fura, daga baya ta fito da kanta, ta tsaya tana kallon akwatin na numfashi a hankali kan bulonsa. Ta matso kusa da kunnen Malam don ya ji.

"Malam, ita wagga an sa mata abin da ka hidda mata zahin ciki. To mu hwa, ina anka sa muna namu?"

Malam ya dubi hannuwansa. Imrana ya ci gaba da juya shayi. A cikin shago, fanka na ta juyawa.