Sandar Awon Ruwa da Shinkafar Malam Idi

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Sule makwancinsa, kuma har yau in damina ta yi tsakiya mutane na tsayawa a bakin shagona su tambaye ni labarin kogi. Ni tela ne. Iyakar abin da na iya aunawa a duniya kafaɗa ce da tsawon hannu. Amma da yake uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, mutanen Haɗeja sun yanke cewa sanin ruwa a jini yake, kamar wushirya.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sule shi ne mai karanta ma'aunin ruwa a bakin kogin nan namu. Ma'aunin ba wani abin mamaki ba ne. Doguwar sanda ce ta ƙarfe da aka kafa a cikin kogi, an zana mata lambobi daga ƙasa zuwa sama. Kullum da safe bayan ya karya, da kuma bayan la'asar, sai ya hau kekensa ya je ya duba inda ruwa ya tsaya a jikinta. Ya rubuta a takardar ofis, ya kuma kwafe a nasa littafin. Tun ina saurayi yake wannan aiki har na fara furfura. Ranar Sallah ma da babbar rigarsa yake zuwa, ya naɗe ƙafar wando. Na sha tsokanarsa cewa ladanin unguwarmu bai kai shi kiyaye lokaci ba.

Ofis lamba kawai suke buƙata daga gare shi. Manoma kuwa wani abu daban suke zuwa nema. Duk mai shinkafa a fadamun wajen Auyo ya san wannan tsaka mai wuya: shinkafa ta fitar da kai, saura mako biyu ta nuna, ga kogi yana ciko. In ka yi gaggawar yanka, rabinta fanko ne. In ka jira ruwa ya riga ka, sai dai ka bi ta kan gonarka a kwale-kwale. Don haka sai su zo da tambaya ɗaya, wadda ba ta taɓa canjawa ba: mu yanka ko mu jira? Yaya Sule ba mai yawan magana ba ne. Zai buɗe littafi, ya duba, ya ce a yanka, ko ya ce a ƙara kwana biyar a dawo. Ba zan ce bai taɓa kuskure ba, amma ban san wanda ya daina gaishe shi a kan shinkafa ba.

Yanzu a inda yake jingine kekensa an kafa wata na'ura a kan dogon ƙarfe, da farantin sola a samanta. An ce ita ke auna ruwan da kanta, ta aika can inda masana suke. Daga baya sai saƙo ya shigo waya, ko a faɗa a rediyo, cewa ana hasashen ambaliya a ƙananan hukumomi kaza da kaza, a yi hattara. Ban raina aikin ba, wallahi, don na san ya ceci mutane. Sai dai sanarwar ba ta san gonar wane tana kan tudu ta wane tana cikin kwari ba. Nakan rasa me Yaya Sule zai ce in ya gan ta. Mutum ne mai son na'ura, ya kwance rediyonsa ya fi a ƙirga. Wata rana sai in ga kamar zai yi murna an hutar da shi, wata rana kuma in ga kamar zai tsaya a gindinta yana yi mata gyara. Na kasa tsayar da ɗaya.

Da aka raba kayansa, littattafan nan babu wanda ya so su, sai suka faɗo hannuna. Na zuba su a buhu na tura ƙarƙashin teburin yanka. Masu tambaya in sun zo, sai in ce Allah ne masani, mu yi dariya su wuce. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da abin rubutawa.

Bara Malam Idi ya zo. Tsohon abokin Yaya Sule ne, manomi daga wani ƙauye a bayan Auyo, kuma gonarsa ɗaya tal, ita ce abincin gidansa na shekara. Ya kashe babur, ya zauna a kan benci, bai yi dariyar da aka saba ba. Ya ce, "Malam Habu, littattafan suna wurinka. Ruwan da ya zo da, shi ne zai zo yanzu. Ka duba mana, don Allah."

Maganar ta shige ni. Gaskiya kuma har da ɗan jin kai, don ba kullum ake kiran tela ya yanke hukunci a kan kogi ba. Na rufe shago, ya goya ni muka je. Tsohuwar sandar tana nan kusa da na'urar, na tsuguna na karanta lambar, na rubuta a bayan takardar awon wani kaftani. Da na dawo na zazzage buhu na yi ta bincike, har na iske lambar sak a wani tsohon littafi. Shekarar babbar ambaliyar nan ce, wadda ruwa ya fasa jinga muka yi kwanaki muna kwashe kaya zuwa tudu. Kwana huɗu bayan wannan lamba, Yaya Sule ya rubuta da hannunsa cewa ruwa ya shiga gonaki.

Na ce wa Malam Idi ya yanka, kada ya kwana biyu. Ya tara 'yan uwansa da lauje suka kwantar da shinkafar ɗanya. Maƙwabtansa suka ƙi, suka ce za su jira. Ruwa ya ɗan ƙaru, ya tsaya, ya koma. Maƙwabta suka girbe shinkafa cikakka, shi kuwa da aka sheƙe tasa iska ce ta kwashi mafi yawa. Kafin azumi gidansa awo ake yi.

Kaina ya ɗaure. Lamba ɗaya, kogi ɗaya, sanda ɗaya, to ina aka samu saɓani? Na kwashi littafin na tafi wurin Yaya Hajara, matar marigayin, wadda tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa raga mini ba. Ba ta ma karɓi littafin ba. Ta ce, "Kai Tela, wa ya aike ka? Ai ba sanda ɗaya ba ce. Waccan ambaliyar ta tafi da ta farko. Da aka zo kafa wannan, an nutsa ta ƙasa fiye da waccan da kusan kamu guda. Su can ofis sun sani, suna gyarawa a takardunsu. Yayanka kuwa a kansa yake cirewa. Ba ka ga jan layi ba?"

Na ga jan layi. Yana nan ya ratsa shafi daga gefe zuwa gefe, babu ko kalma ɗaya a kusa da shi. Na ɗauka biro yake gwadawa. Ashe duk lambar da ke gaban layin ba ta haɗuwa da ta bayansa, kuma ruwan da na tsorata Malam Idi da shi saura kamu guda ya kai na waccan shekarar. Ni da nake faɗa wa yarana kullum kada su yanka yadi da awon da ba su ɗauka da hannunsu ba.

Na ji haushin Yaya Sule, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya rubuta har ranar da kada ya fito shan rana, me ya hana shi rubuta cewa an canja sanda? Daga baya na gane ba don ni ya yi littattafan ba. Tunatarwa ce tsakaninsa da kansa, kuma abin da mutum ba zai manta ba ba ya rubuta shi. Na je har gida na ba Malam Idi haƙuri. Ya ce ba komai, haka Allah ya tsara, ya sa aka kawo mini fura. Na sha, ban ji ɗanɗanonta ba.

Bana ruwa ya sake tasowa. Malam Idi ya wuce ta gaban shagona sau biyu, ya ɗaga hannu, bai kashe babur ba. Ni kuwa, abin kunya, ban daina zuwa bakin kogi ba. Safe da la'asar nake zuwa, kuma yanzu shafukan bayan jan layi kaɗai nake dubawa. Tun ranar Talata lambar take hawa ba sassauci, kuma ta kusa wadda a wata shekara Yaya Sule ya rubuta a gefenta cewa ruwa ya ci fadamar su Idi. To amma tun daga wancan lokaci ciyawar kacalla ta toshe wasu hanyoyin ruwa, an yashe wasu, an ƙara jinga a wani wuri. Ko lambar tana nufin abin da take nufi a da? Ko akwai wani layin da bai ja ba, ya tafi da shi a kansa? Wa zan tambaya?

Abin da ya rage na Yaya Sule, in na auna, ba littattafan ba ne, don suna hannuna kuma ban zama shi ba. Abin da ya bari shi ne yarda. Shekara da shekaru ya yi yana tara ta a kan keke, har ta kai mutum ya sa lauje a abincin 'ya'yansa saboda ƙanin Yaya Sule ya ce a sa. Ni kuma na ɓarar da ita a yini guda.

Jiya na kasa zama. Na hau ɗan acaɓa zuwa ƙauyen su Malam Idi, na iske shi a bakin gona, shinkafa ta sunkuyar da kai, saura kamar kwana goma. Na buɗe masa shafin, na nuna masa lambar da ke ciki da wadda na karanta jiya, na ce wannan karon ina ganin ruwan na zuwa da gaske, ko da yake ba zan rantse ba. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya daɗe yana kallon gonar.

Sannan ya rufe littafin a hankali, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Sule."

Na ce amin. Yau da safe ruwa ya ƙara yatsa uku, kuma shinkafar tana nan a tsaye.