Jawabin Gadar Kawu

Shekarun baya, kawuna ya taɓa zama depite, wato ɗan majalisar ƙasa. Ya faɗo mini a rai ne da na karanta labarin wani ɗan majalisar Ingila na tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, wanda kujera ba ta ko ɗumama da shi ba. Na ce ashe Kawu yana da ɗan'uwa a Turai.

Kawu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mai ritaya. Mataimakin ɗan takara aka tsayar da shi, sai aka ba mai kujerar muƙamin minista, kujerar majalisa ta faɗo wa Kawu. Ni kuwa har sabuwar riga na ɗinka, ina tafiya a kasuwar Dogon Dutsi kamar ni aka zaɓa.

Buƙatar ƙauyenmu ɗaya ce: gada. Akwai ƙorama tsakaninmu da garin Guéchémé inda asibiti yake, in damina ta kankama amalanke ba ya ƙetarewa, mai naƙuda sai ta jira ruwa ya janye. Kawu ya tsara jawabi da Faransanci a kan haka. Ya yi ta bitarsa a gabana har na haddace.

Sai dai Kawu bai taɓa shiga gaban babba a magana ba. A majalisa in ya ɗaga hannu, ya hango mai furfura ya ɗaga, sai ya sauke nasa.

Na ce, "Kawu, can fa ba a jiran dattijo."

Ya ce, "Mi kaka so in yi? In yanke ma wanda yag girme ni magana? Bari su ƙare."

Ba su ƙare ba aka rushe majalisar.

Da ya dawo gida, dattawa suka taru. Mafi tsufansu ya ce, "Malam, mi sunka ce kan gada?"

"Baba, ban samu hwaɗi ba."

"To, hwaɗa muna mu."

Kawu ya miƙe, ya gyara riga, ya yi jawabin tun daga farko har ƙarshe. Mafi yawansu ba su jin Faransanci, amma ba wanda ya katse shi. Tsohon ya ce magana ta yi kyau.

A lokacin na ji haushinsa ƙwarai. Yanzu ban iya cewa ladabin ne laifi, ko wurin da ya kai shi. Kawu ya rasu, gada ba ta zo ba. Duk damina, in na tsaya da babur a bakin ƙoramar ina jiran ruwa ya janye, sai in ji bakina yana karanta jawabin.