Rigar Ɗantala a Cikin Tele

Duk wanda ya bi hanyar Garhanga ya hangi ruhewa zaune bisa duwatsu, ciki ƙato, wuya siriri, da zanen yatsa uku zagaye da wuyan, to aikin Maiguwa ne, ko na ubansa marigayi Ɗantala. Ruhewa dai ita ce rumbun laka da muke zuba hatsi, in kai baƙo ne.

Maiguwa gajere ne, ƙafafunsa sun gwame don taka laka tun yana ƙarami. Ba shi da yawan magana, kuma sana'ar ce ta ɗinke masa baki. Mai ginin ruhewa yana shiga har bayan ɗakin matan gida. Ya san wanda hatsinsa ke kaiwa wata damina, ya san mai babbar rigar da ruhewarsa ba ta taɓa cika rabi ba, ya san wanda ya gina rami a ƙarƙashi ya ɓoye na gudun yunwa. In bakinsa ya yi yoyo sau ɗaya, ba mai sake buɗe masa ƙofa. Shekara talatin Maiguwa yana wannan aiki, ko matarsa Furera ba ta taɓa jin abin da ke cikin ruhewar wani daga bakinsa ba.

Sai ga tele, wato talabijin, ta iso garinmu. Anka kafa ƙarfe ƙofar gidan samariya, anka ɗora akwatin ƙarfe bisa, tele a ciki, faranti mai shan rana a kan rufin ɗaki. Surajo sarkin samari anka ba mabuɗi, ya rataya shi a wuya kamar laya. Daga ranar nan tafiyarsa ma ta sake.

Bazarar 1986 wasu 'yan wasan kwaikwayo sunka zo daga Yamai cikin kamyo, babbar motar kaya. Suna yin wani wasa ne a kan zamanin Nasara, wanda ake nunawa kashi-kashi kowace Lahadi. Babbansu, wani mai baƙin tabarau, ya zagaya gari yana tsaki, wai rufin kwano ya ɓata gidaje. Da ya leƙa gidan Maiguwa ya ga tsohuwar ruhewar Ɗantala, sai ya tafa hannu. Ya ce nan za su yi. Ya kuma tambaya ko akwai tsohuwar riga irin ta mutanen da.

Akwai kuwa. Rigar Ɗantala, baƙar saƙi mai aiki a wuya, wadda duk wani mai furfura a garin ya san ta, don da ita marigayi ke zuwa idi har ya bar duniya.

Furera ta ce, "Malam, ka tambaye su mi za su yi da ita?"

Ya ce, "Sawa za su yi. Ci za su yi? Baƙi sun taho tun daga Yamai don su nuna aikin Baba ga duniya, ke kina mini tambayar alƙali."

Har zabi biyu ya yanka musu. Kwana uku suna aiki a gidan, kuma ba wanda ya gane labarin, don mutanen nan daga wutsiya suke farawa. Yau mutum ya mutu, gobe ka gan shi yana shan fura. Sunka maido riga a ninke, sunka yi godiya, sunka tafi.

Sai da anka fara yankan hatsi Surajo ya bi gari yana shela cewa Lahadin nan mu za a nuna. Ana sallame magariba fili ya cika, har mutanen rugage sun zo. Maiguwa, wanda bai taɓa zama gaban tele ba, ya zo da sabuwar tabarma ya shimfiɗa a sahun gaba.

Da farko murna ce. Ga tudunmu, ga rijiyarmu. Jakin Tsoho mahauci ya ratsa ta bayan wani gardi, wato ɗan sandan Nasara, fili ya ɗauki ihu, Tsoho ya miƙe yana karɓar gaisuwa kamar shi ya haife shi. Can sai ga riga. Tsofaffi sunka yi salati, wata ta rangaɗa guɗa. Maiguwa ya gyara zama.

Mai rigar, a cikin wasan, sunansa Mati. Munka ga Mati ya zagaya bayan gari inda gardawan Nasara sunka sauka. Ya durƙusa. Ya yi raɗa. Ya shiga gaba suna biye, yana nuna musu gidaje da haɓa, ɗaya bayan ɗaya. Gardawa sunka tone ramukan hatsi, sunka kwashe, sunka zane wata mace da ta rungume buhunta. Sannan Mati ya koma gidansa, ya jingina da ruhewarsa cike maƙil, yana dariya. Shi kuwa mai ɗaukar hoto, Allah ya saka masa, ya tsaya a kan zanen yatsa uku ɗin nan har sai da makaho ma ya gani.

Abin da mai tabarau bai sani ba, kuma bai tambaya ba, shi ne an taɓa yin haka a garin nan. Wata shekara gardawa sun tone ramuka, yunwa ta biyo baya, kusan kowane gida ya binne wani. Kuma har ranar nan ba a san wanda ya yi nunin ba.

Kowa ya juyo ya dubi Maiguwa. Sai Tsoho ya ce, "Ashe!"

Kalma ɗaya ke nan, amma ta fi wuƙarsa kaifi.

Mushe Mutari na lakwal, malamin makarantar boko, ya miƙe. "Jama'a, ku natsu. Tiyatir na. Ƙage na, wani ya zamna ya rubuta."

Tsoho ya ce, "Ƙage? Rigar ƙage ta? Ruhewar ƙage ta? Jakina da yaw wuce, shi ma ƙage na, Mushe?"

"Jakinka ya hi ka hankali, shi bai ce komi ba."

"To ka gaya mini, wa yas san ramun kowa in ba mai gina su ba?"

Nan fili ya kece. Wata tsohuwa tana kuka tana kiran sunan ƙanenta da ya mutu shekarar. Wani yana rantsuwa dama ubansa ya taɓa cewa wani abu. Wani ya ce mutanen Yamai suna da takardun Nasara, a ciki sunka gani. Waɗanda ko haihuwar uwayensu ba a yi ba lokacin, su sunka fi kowa tuna yadda abin ya faru.

Maiguwa ya tashi. Ya nuna tele da yatsa ya ce wa Mati, "Kai! Tuɓe rigag ga! Tuɓe ta, ɗan banza, maƙaryaci!" Mati kuwa yana ta dariyarsa. Anka kwashe da dariya, kuma ba zan ɓoye ba, har da ni. Maiguwa ya juyo ya dube mu ɗaya-ɗaya, ya fita, ya bar tabarmar.

Kafin kasuwa ta zagayo sunansa ya koma Ɗan Mati. Gidaje shida sun yi magana da shi a kan ginin kaka, biyar sunka aiko wai sun fasa. Tsoho ya tafi har Deule ya ɗauko wani magini. Furera ta je rijiya, wata daga cikin mata ta ce, "Ku kama bakinku, kunnen kumandan Nasara ya iso." Furera ta tula mata guga guda a ka.

Maiguwa ya taka har Kaita a ƙasa. Ya wuni a ƙofar wani biro, ofishin gwamnati, don ya kai ƙara, da la'asar wani akawu ya saurare shi yana sakace haƙori, ya ce, "Baba, wasa na. In kana da magana ka tahi Yamai." Mushe Mutari ya rubuta masa takarda zuwa ga mai tabarau, shafi biyu, da Faransanci mai zafi. Amsa har yau tana hanya.

Sai samariya ta tafi wasa Tawa, kwana biyar, Surajo da mabuɗinsa a wuya. Washegari da safe munka ga Maiguwa ya jera duwatsu zagaye da ƙarfen tele, yana kwaɓa laka da haki, wato busasshiyar ciyawa. Kowa ya ɗauka Surajo ne ya sa shi ya yi wa tele ɗaki don ƙura. Anka ce ya huce, ya san gaskiya, yana neman shiri. Har ruwa munka ɗebo masa. Tsoho ya tsaya yana ba da shawara: "Ɗan Mati, ka buɗa tagar da kyau, mu na baya mu gani." Maiguwa bai ɗago ba. Ɗori da safe, ɗori da marece, gini ya wuce gwiwa, ya wuce ƙirji, ya shanye akwati. Mu kuwa muna jiran taga. Ran na biyar ya tattara wuya, ya ja yatsa uku, ya liƙe baki ruf. Ya wanke hannu ya zauna a gindi.

Surajo ya sauko daga mota ya ga ruhewa inda ya bar tele, waya na fitowa ta wuyanta. Ya dafe kai.

"Baba Maiguwa, ka kashe ni! Kayan gwamnati na!"

"Suna ciki. Ban taɓa su ba. Abin da anka sa cikin ruhewata ba shi ɓacewa."

Samari sunka kawo gatari. Maiguwa ya ce, "Bisimilla. Amma tsakanin lakag ga da akwatin yatsa biyu na. In gini ya hwaɗa ciki gilashi ya hwashe, kai za ka yi ma kumandan na Kaita bayani, ba ni ba." Surajo ya rungume gatarin yana roƙon a tsaya. Anka kira maginin Deule, ya zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya ce shi ba ya fasa ginin wani.

Ranar Lahadi ce kuma. Ranar da za a ga ƙarshen Mati.

Da la'asar gari ya taru gaban maigari, kowa na huci. Maigari ya ce, "Maiguwa, mi kake so?"

"Ranka ya daɗe, ubana nake so a maido mini. Ya mutu da mutuncinai, kun tono shi don wani ƙato ya ari rigatai kwana ukku. Ni nab ba da rigar, wautata ta, na ɗauka. Amma shi mi yay yi muku? Wanda yag gani da idonai ya tashi ya hwaɗi. In babu, to a kira wadda tag gani."

Ba wanda ya tashi. Anka aika anka ɗauko Gogo Kaltume bisa jaki, wadda ta fi kowa shekaru, ba ta kuma taɓa kallon tele ba don ta ce ba ta zama gaban abin da ba ya amsa sallama. Da anka gaya mata maganar sai ta tofar da goro.

"Nuni? Wane nuni, ku taron awaki? Gardawan tsinken ƙarhe garesu, dogo, gida-gida suka bi suna soka ƙasa. Inda yan nutse, su tona. Ina tsaye. Ɗantala kau, da sunka ce ya nuna ya ƙiya, ga turken doki sunka ɗaure shi tun hantsi hal la'asar. Ni nak kai mai ruwa, anka mare ni. Wata biyu kuna wanga shirme, wa yat tambaye ni? Kun tambayi akwati!"

Tsoho ya ce, "To, Gogo, ai mu tele munka..."

"Rufa mini baki. Ubanka ranan nan cikin tanderun matatai yal ɓoye."

Maigari ya sa mai shela ya faɗi maganar Gogo a wurin, ya kuma ce a maimaita ta kasuwa uku a jere. Sannan Maiguwa ya jiƙa tsumma, ya lafta a gefe guda, ya jira laka ta sha, ya yanka taga da igiya, murabba'i, ko ɓarɓashi bai faɗa ciki ba. Surajo ya buɗe akwati. Maiguwa ya kwashi kayan aikinsa ya yi gida, bai tsaya ganin abin da anka yi wa Mati ba.

Aiki ya dawo, amma ba duka ba. Wasu kunya ta hana su, wasu kuwa har gobe suna cewa ai tele ba ta nuna abu banza. Shi ma bai koma yadda yake ba. Daga shekarar nan, in ka kira shi gini, zai zo da sassafe ya tsaya ƙofar gidanka, ba ya sallama, ba ya shiga. Sai kai maigida ka fito, ka ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ka ce, "Maiguwa ɗan Ɗantala, shigo." In ka faɗa a hankali, sai ya ce bai ji ba. Ni sau uku ya sa na faɗa.