Ranar da Mama Ta Faɗi a Bakin Teku

Shekaranjiya ina wucewa ta unguwar Al Rigga a Dubai sai wani ƙamshi ya fito daga gidan abincin 'yan Filifin ya tsayar da ni cak. Ganyen gwaza ne ake dafawa da madarar kwakwa. Mutane suna ta ture ni suna wucewa, ni kuwa na kasa ɗaga ƙafa, domin rabona da wannan ƙamshi tun ina 'yar firamare, a kicin ɗin mahaifiyarmu.

Mama mutuniyar Tonga ce. Idan ba ka san wurin ba, ba kai kaɗai ba ne. Dangin Baba a Kano sun daɗe suna cewa ya auri 'yar Togo. Wasu tsibirai ne a tsakiyar teku, can gaba da Ostireliya. Aikin otal ya kawo ta Dubai, a nan ta haɗu da Baba, mai yi wa 'yan kasuwar Kano lodin kaya zuwa gida. Ta musulunta, suka yi aure, suka haife ni da ƙanena a wani ɗan fulat a Abu Hail, hawa na uku.

Doguwa ce, kakkaura, mai faɗin kafaɗa. Idan ta yi dariya har maƙwabta suna ji. Hausarta a karkace take, namiji ma "ke" take ce masa, baƙin Baba su yi ta ƙyaƙyatawa, ita ma ta taya su. Ban taɓa ganin ta kwanta ciwo ba. Abin da na sani kawai, lokacin zafi idan lif ya lalace muka bi matakala, a kowane hawa sai ta ce igiyar takalmina ta kwance, ta durƙusa tana ɗaurewa a hankali, numfashinta sama-sama. Ni kuwa na ɗauka takalmin ne. Sannan ta hana ƙanena buga ƙwallo, hani na gaske, ita da ba ta iya hana mu komai.

Wata shekara da sanyi Hajiya, mahaifiyar Baba, ta zo daga Kano. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka ɗebi tabarmi da kuloli muka tafi lambun bakin teku. Iska na kaɗawa, rana ba zafi, ga iyalai ko'ina sun baje suna gasa nama. Mama ta buɗe kula, tururi ya tashi, ta ɗebo ganyen nan a cokali ta miƙa wa Hajiya.

"Hajiya, ku ɗanɗana wannan, yau ban cika gishi..."

Iyakar maganar ke nan. Ba ta yi ƙara ba, ba ta dafe ƙirji ba. Gefe kawai ta tafi ta zube a kan tabarma, cokalin yana hannunta. Wallahi dariya na fara yi, na zaci wasan da ta saba yi mana ne. Sai da na ji salatin Hajiya, na ga Baba yana danna ƙirjinta da hannu biyu yana kiran sunanta da wata murya da ban san shi da ita ba, sannan na daina dariyar. Wata Balarabiya ta janye mu ta rufe mana ido da abayarta, tana cewa "Habibti, habibti." Ta ƙasan hannunta na hango ƙafar Mama, takalmi ɗaya ya cire.

A asibiti likita ya fito ya yi wa Baba magana a hankali. Ya ce ciwon zuciya ne, irin wanda ake gado, ya tambaya ko an sani. Baba ya ɗaga kai alamar e.

Hajiya ta juyo ta dube shi. "Ka sani? Kai ka sani?"

"Tun kafin aure ta faɗa mini, Hajiya. Ta roƙe ni kada yaran su ji sai sun girma."

Ina tsaye a jikin bango ina jin su. Mutuwar ta gigita ni, amma wannan magana ita ta fi gigita ni. Ashe duk safiyar da take taje mini kai tana waƙa da yarensu, ta san abin da ke cikin ƙirjinta.

Ƙanwar Mama ba ta iso ba sai bayan an yi jana'iza, saboda nisa. Ta shigo da baƙaƙen kaya, ta ɗaura wata tsohuwar tabarma a ƙugu kamar yadda suke yi idan an yi musu rasuwa. Ta zauna kusa da Hajiya, ba mai jin yaren wata, suka riƙe hannun juna suna kuka. Daga bakinta muka ji sauran labarin. Mahaifinsu a gona ya faɗi. Yayansu, saurayi ƙaƙƙarfa, a filin wasa ya faɗi ana tsakiyar tafa masa. Ta kalle mu ta tambayi Baba da Turanci ko an duba mu. Baba ya ce Mama duk shekara tana kai mu asibiti, tana ce mana makaranta ce ta buƙata. An ga alamar a ƙanena, ni ba a gani ba. Ƙanena yana zaune a wurin. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Nawa ciwon sai da na yi aure na haihu ya bayyana. Yanzu ni da ƙanena kowa yana da wata 'yar na'ura da aka dasa masa a ƙarƙashin fata, mai farfaɗo da zuciya idan ta rikice. Baba ya tsufa ya koma Kano. Fulat ɗinmu wasu ne a ciki, ban san su ba.

Na daɗe ina jin haushin Mama a kan ɓoyewar da ta yi. Na yi wa kaina alkawari ni ba zan yi haka ba, ga shi zamani ya canja, likitoci ma cewa suke a faɗa wa yara gaskiya. Don haka bara na zaunar da 'yata na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Umma, ke ma faɗuwa za ki yi?"

Na ce mata a'a, in sha Allahu. Amma tun daga ranar, yarinyar da take rugawa gabana a kasuwa ta daina. Gefena take tafiya, tana satar kallon fuskata. Idan na daɗe a banɗaki sai ta ƙwanƙwasa.

Ban ce na yi kuskure ba. Sai dai yanzu na san abin da Mama ta ba mu: mun yi ƙuruciyarmu ba mu taɓa gadin numfashinta ba. Ita kaɗai ta ɗauki tsoron, ta bar mana wasa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.