Rumbun Takardun Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baba, Malam Tanko, wanda tsofaffin malamai a ƙasar Zuru suka fi sani da Sufeto. Idan ranar ta zagayo nakan tafi ƙauye, in je coci, in dawo in dafa wa Mama abin da ranta ke so, shi ke nan. Bana kuwa na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ɗauki biro.

Baba ya fara da koyarwa a firamare, ya yi hedimasta a Dirin Daji, sannan aka ba shi aikin duba makarantu. Da keke ya soma zagaye, daga baya ya sami wani babur da ba ya tashi sai an tura. Malamai suna shakkarsa, don ba ya aiko da saƙon zuwa. Kana tsakiyar gyangyaɗi sai ka ɗago kai ka gan shi a bencin baya tare da yara, ya ɗora hula a gwiwa, yana jiran ka ci gaba da darasi.

Abin da aka san shi da shi shi ne kabon. Duk abin da zai rubuta sai ya sa takardar kabon a ƙasa: rahoton ziyara, sunayen yaran da suka gama aji shida, takardar kama aikin malami. Ɗaya ya kai ofis, ɗaya ya kawo gida. Ya ce da idonsa ya ga gara da yoyon kwano sun gama da kabad guda a damina ɗaya. Don haka ya gina rumbu na biyu a gidanmu na ƙauye, can ta hanyar Wasagu, daf da na dawa. Ya zuba takardun a buhuna, kowace makaranta da buhunta, ya barbaɗa toka da ganyen dogonyaro yadda ake adana iri, ya liƙe bakin da laka. Mama takan ce ita kaɗai ce a ƙauyen ke da rumbu biyu amma take auna tuwo da hankali.

Idan damina ta wuce sai a buɗe a shanya takardun a rana. Yayana Ishaya ake zurawa ciki ya miƙo buhunan, ya fito fari fat da toka yana tari. Babu aikin da ya tsana kamar wannan. Shi boko bai kama shi ba, noma ya riƙe, kuma shi ya zauna a gidan bayan Baba ya tafi. Mutane ba su daina zuwa ba. Malamar da ta yi ritaya aka ce fayil ɗinta ya ɓace, dattijon da ake nema wa shaidar gama firamare, duk sai su hau babur su zo. Ishaya ya shiga rumbu yana gunaguni, ya fito musu da ita.

Ina yawan tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Makarantun da ya yi wa sintiri da keke, wasu an rufe, wasu ciyawa ta cinye, don 'yan bindiga sun kori mutanen garin. Inda suka shiga kuwa rumbu suke fara nema, su kwashe abin da za su iya, su cinna wa saura wuta. Daga waje ba ka bambanta rumbun dawa da na takarda.

Bana bayan girbi ƙauyenmu ya fara watsewa. Ishaya ya kawo Mama da matarsa da yara wurina a Zuru. Oga Emeka, mai shagon kayan gini a layinmu, ya yarda ya ba mu a-kori-kurarsa a kwaso abin da ya rage a ƙauye, amma direban ya rantse sawu ɗaya zai yi, ba zai koma ba. Motar kuma ba ta ɗaukar rumbu biyu.

Nan muka yi ta. Na ce a kwaso takardun. Ishaya ya dube ni kamar na haukace.

"Mi za ki ba yara su ci? Takarda? Abin da munka noma shekara guda ke nan, Ladi."

Gaskiya ya faɗa. Na kuma tuna wata shekarar yunwa da Baba ya tarar da yara suna barci a aji, ya sallame su su je su taya iyayensu neman abinci, ya ce shi zai amsa tambayar ofis. Mutumin da ya yi haka ba zai zaɓi takarda a kan tuwon jikokinsa ba. Na ce wa Ishaya ya kwaso dawa. Na shiga ɗaki na yi kuka, don ji na yi kamar yau ne muke binne Baba.

Da sassafe suka tafi. Muka yini muna leƙen hanya, ba wanda ya iya cin abinci. Can bayan la'asar motar ta shigo layi, Ishaya a bisa kaya, fari fat. Ban gane ba sai da na kwance bakin buhun farko, ƙamshin toka da dogonyaro ya bugi hancina.

Matarsa ta ɗora hannu a ka. Shi kuwa ya sauko yana kakkaɓe riga, bai dubi kowa ba.

"In sunka ƙona dawa, ni kaɗai sunka ƙona ma. Waɗanga kuwa na mutane ne. Dawa tana hawa babur, zan riƙa ɗaukowa."

Haka yake yi tun ranar. Ya fita da asuba, ya ɗauro buhu ɗaya a bayan babur, ya dawo kafin azahar. Mama ta roƙe shi, na roƙe shi, na ce albashina zai riƙe mu, ya ce shi ba ɗan gudun hijira ba ne a gidan ƙanwarsa. Duk fitar da ya yi sai in ɗora wa kaina laifi, don ni na fara kawo maganar takardun nan.

A da ina ɗauka abin da Baba ya bari shi ne buhunan da suka cika mini falo, har babu wurin ajiye kujera. Yanzu na ga taurin kansa ma bai bi shi kabari ba, yana nan a jikin ɗan da muke cewa bai gaji komai nasa ba. Ban sani ba ko Baba zai yi alfahari da shi ko zai kwace makullin babur ɗin. Wataƙila duka biyun.

Yau ma Ishaya ya fita da asuba. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, wayarsa ba ta shiga. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da goyo. Ɗazu wata tsohuwar malama ta yi sallama tana neman takardar kama aikinta. Na ba ta kujera a tsakar gida, na ce ta ɗan jira, don Ishaya ne kaɗai ya san buhun makarantarta.