Ƙota Huɗu da Hannun Lucienne

Tarwaɗa nawa kake zaton mace ɗaya za ta feɗe tsakanin hantsi da azahar? A da, Lucienne tana feɗe ɗari da arba'in. Shekara goma sha ɗaya ke nan da saukowarta daga duwatsun Mokolo zuwa bakin ruwan Lagdo, tana aiki a wurin bandar kifi na Hajiya Kaltumi, kuma babu ranar da wata ta kamo ta.

Bara ta je Garwa ta ga wata wuƙa a rumfar Malam Sharif maƙeri, mai ƙotar ƙahon sa, an goge ta da man gyaɗa tana ƙyalli. Ta riƙe, ta ji ta zauna mata a tafin hannu lumus, ta saya. Da busasshen hannu ta gwada. Kuskurenta ke nan.

A kifi na goma sha bakwai, yauƙin tarwaɗa ya hau ƙahon. Ta danna kan wani ƙato, wuƙar ta tsaya a ƙashi, hannunta ya zarce kan kaifin. Ɗinki goma sha uku aka yi mata a asibiti. Yatsu biyu na ƙarshe ba su ƙara lanƙwashewa ba.

Bayan wata uku Hajiya Kaltumi ta ce mata, “Lucienne, ba ƙinki nake ba, amma kifi ba ya jira. In ba ki kai tamanin ba ranar Asabar, zan sa wata.”

Ta koma wurin Malam Sharif da bokitin ruwan wankin kifi, tun daga Lagdo a mota, fasinjoji suna toshe hanci.

“Madam, me na yi miki za ki kore min mutane?” in ji Malam Sharif.

Ta ɗaga masa hannun. Ya jawo mata kujera.

Ƙota huɗu ya jera. Ta riƙa tsoma hannu a bokitin, tana danna kowace a kan kututture sau ashirin da yatsu ukun da suka rage. Ƙaho ya zame sau goma sha shida. Roba irin ta kanti, sha ɗaya, ga zafi in rana ta doke ta. Itacen kirya da ya yi wa tsaga-tsaga, sau biyar. Ta huɗun kirya ce da ya naɗe da robar cikin tayar babur: sau ɗaya.

“Mummuna ce fa,” in ji shi, “kuma za ta ci miki fata.”

“Malam, ba biki zan kai ta ba.”

Ranar Asabar robar ta riƙe. Ta kuma ci fatar, don kafin kifi na hamsin tafin ya yi bororo ya fashe. Da aka kira azahar, Hajiya ta ƙirga da kanta: saba'in da huɗu. Ta sake ƙirgawa. Saba'in da huɗu.

Yanzu Lucienne wuta take turawa a ƙarƙashin banda, hayaƙi na cin idonta. Wuƙar tana hannun matar da ta gaje ta, kuma ba ta taɓa suɓuce mata ba.

Kai ma ɗauko wuƙar gidanka, ka bar ta cikin kube. Shafa sabulu a hannu, ka danna sau ashirin, ka ƙirga.