Trifon Malamin Daji da Hasbiyar da Ta Kwana a Firiza

Kafin motar burodi ta shigo garinmu Orehitsa, Trifon Gechev ya riga ya fita. Shekara talatin da takwas ke nan yana tura tsohon kekensa ta gaban tagata, madubin hangen nesa a wuya, ɗan littafi a aljihun gaba, guntun banitsa, burodinmu mai cuku, a naɗe cikin takarda. Ba ya hawa keken sai ya wuce coci, wai kada ƙarar sarƙa ta hana shi jin tsuntsaye. In ka gaishe shi, da kunne ɗaya yake sauraronka, ɗayan yana can kan wayar lantarki. Matarsa Nedyalka ta taɓa ce mini da a ce ita ma a kan falwaya take kwana tana kuka, da tuni ya riƙe ranar haihuwarta.

Shi ne malamin dajinmu, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na ji ofishin gunduma za su ba shi takarda mai hatimi da agogon bango, shi ke nan. Na ce ai bai isa ba. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma kowa ya san bakina a garin nan, to bari in yi aikin alheri da shi ko sau ɗaya ne.

A wurinmu duk abin da ya yi kuu-kuu sunansa ɗaya, a fige shi a sa a tukunya da shinkafa. A wurin Trifon ba haka ba ne. Duk shekara, saura mako guda a buɗe farauta cikin Agusta, yakan tara mafarauta a zauren gari, ya baza busassun fukafukai a kan tebur kamar mai tallar gwanjo. Mu mata muna daga taga, wai mun zo shan iska.

"Wannan mai launin ƙasa da baƙin zare a ƙeya," yakan ce, "ita ce kurciyar da ke tashinku da safe, ba ta zuwa ko'ina. Wannan 'yar ƙaramar mai zane a baya kamar ɓawon kifi, mai gurnani irin na kyanwar da ta ƙoshi, baƙuwa ce, tun daga Afirka take tahowa. Sanda na kama aiki ina ƙirga arba'in a hanyar rafi. Bana bakwai na ji. Ko takarda ta ba ku dama, ku ƙyale ta."

"To Kawu Trifon, wace za mu ci?" in ji wani daga baya. "Ko duk 'yan'uwanka ne?"

"Ka ci babbar, in ka iya samunta, tunda bara ma hular Fada ka kusa harbewa. Hasbiya ce mai farin tabo a wuya da farin layi a fiffike, in ta tashi sai ta yi tafi. Amma tana da ƙanwa, ta kogon bishiya, wadda ba ta kai ta girma ba, kuma babu fari ko ɗigo a jikinta. Wannan doka ta hana. Wanda ya harbe ta, da ni zai yi."

Da shi kuwa ake yi. Makiyayinmu ya gan shi da idonsa ranar da masu yankan katako suka zo sare tsofaffin bishiyoyi bakwai na bakin rafi, wai sun ruɓe. Trifon ya jingina kekensa da ta farko, ya zauna a gindin ta biyu, ya ce akwai ƙwai a cikin kogunansu, su je su kawo takardar da ta ce a sare har da shi. Bishiyoyin suna nan har yau.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce kuma, ya kama Zlatko, ƙanin matarsa uwa ɗaya uba ɗaya, da hasbiyar kogo guda biyu a jaka. Ya rubuta shi a takardar laifi. Nedyalka ta yi wata guda tana ba shi miyar wake ba gishiri, ya riƙa cinye abinsa. Zlatko kuwa tun daga ranar bai sake ce masa sannu ba. Na ga su biyun sun ɗauki akwatin gawa ɗaya, wannan a gaba wannan a baya, kowa yana kallon takalminsa.

To ga abin da ya faru watan jiya, wanda shi ya sa na ɗauki biro.

Zlatko yanzu shi ne mai gadin siton alkama, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da lasisin bindiga. Laifi na biyu, a karɓe lasisin har abada. Shekararsa hamsin da takwas, ba wanda zai ɗauke shi wani aikin a yankin nan, ga matarsa Tsveta da ciwon sukari.

Ranar Asabar ɗin buɗe farauta Trifon yana birni, likita na duba masa gwiwa. Sai gunduma ta turo wata sabuwar ma'aikaciya, Radostina, watanta uku da kama aiki, takalminta ko ƙura bai gama sani ba. Ta tare Zlatko a gefen gonar furen rana ta ce ya buɗe jaka. Cikin tsuntsayen akwai wata 'yar madaidaiciya da karensa ya tsamo daga laka a magudanar ruwa, duk ta yi dumu-dumu. Radostina ta goge wuyan da yatsa, ba fari. Ta duba hoto a wayarta, ta sake duba wuyan. Nan take ta karɓe bindigar, ta naɗe tsuntsuwar a jarida, ta buga hatimi. Ofishin gari ba shi da firij, don haka aka kai ta kantin Petko, aka tura ta ƙasan firiza, ƙarƙashin askirim. Ta ce ranar Litinin malamin dajin yankin zai duba ya sa hannu, sannan takarda ta wuce kotu.

Ranar Lahadi na fita shanya, kuma igiyata, ba laifina ba ne, a jikin dangar su Trifon take.

"Ƙanina ne, Trifon," in ji Nedyalka.

"Na sani. Ni na riƙe masa kyandir ranar aurensa."

"Ba cewa na yi ka yi ƙarya ba. Saura mako nawa ka tafi? Ka ce idonka ya tsufa, ba ka tabbata ba."

"Gwiwata ce ta tsufa, Nedyalka."

"Tsveta za ta ci gwiwarka ne in an kore shi?"

Trifon ya miƙe. Ya ɗauki garma ya shiga cikin tumatir, ya yi ta nome wurin da ya nome jiya. Shi kansa bai san abin da ke cikin jaridar nan ba. Abin da ya sani kawai, duk abin da ya gani shi zai rubuta, kuma daga baya a gidan nan zai zauna, da matar nan, ba dajin da zai gudu da safe.

Litinin da hantsi duk garin yana ƙofar kantin Petko. Har waɗanda shekara biyu ba a gan su a coci ba saboda ciwon baya, sun iso da kujerunsu. Petko ya fito da ƙunshin ya ajiye a kan teburin da ake karta, ya yi ƙara kamar an ajiye dutse. Jaridar ta manne da laka, lakar ta manne da gashi, duk sun daskare. Kai da wuya kaɗai ake gani, sai ƙarshen bindi.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe," in ji Radostina. "Babu farin tabo."

"Na gani, 'yata. Sai mun ga fiffike."

"In kawo ruwan zafi?" in ji Petko.

"Ka dafa mini shaida? In ka ƙara albasa ma ai sai mu ci mu watse."

"To a fasa da wuƙa mana."

"In gashin ya karye, kowa sai ya faɗi abin da ya ga dama. A bar ta ta saki don kanta."

Haka muka zauna, gari guda, muna jiran ƙanƙara ta saki hasbiya. Petko ya sayar da kofi fiye da ranar zaɓe. Zlatko yana zaune a bakin dakali, hula a gwiwa, gumi yana bin wuyansa kamar shi aka fitar daga firizar.

"Rana ce a idona," ya ce, ba da kowa yake ba. "Gaskiya ban ga fari ba sanda ta tashi."

"Rufe bakinka, sakarai," in ji Tsveta. "Wa ya tambaye ka?"

Na ce, "Ƙyale shi, Tsveta, shekara talatin kina neman ya faɗi gaskiya, yau ya fara kuma kin hana."

"Goggo Velichka, ke dai ba a mutuwa ba a aure sai da ke."

"Ai shi ya sa na zo da wuri, ban san wanne za a yi yau ba."

Trifon bai yi dariya ba. Yana zaune gaban teburin, hannu biyu a kan sanda, yana kallon ƙunshin yana ɗiga. Ya lura bindin ya ɗan yi tsawo fiye da na hasbiyar kogo, alamar wataƙila jinsin babbar ce. Nedyalka tana tsaye a bayansa, kalma ɗaya za ta ishe ta. Bai ba ta ba. In ya sa mata rai fiffiken kuma ya fito ba fari, da wane ido zai kalle ta?

Sai da ƙararrawar coci ta buga sha biyu jaridar ta fara ɓantarewa. Ya sa aka kawo ruwan famfo a kwano, ya riƙa shafa lakar da yatsa a hankali, kamar mai wa jariri wanka. Da ya ji gaɓar ta yi laushi, sai ya janye hannunsa.

"'Yata, ke kika kama. Ke za ki buɗe."

Radostina ta kama bakin fiffiken ta ja. Laka ta zube. Ga farin layi nan ya ratsa fiffiken daga gaba zuwa baya, fes, ko daga inda nake zaune na hango shi, ni da ba na iya zura zare a allura.

"'Yar bana ce," in ji Trifon. "'Yar babbar hasbiya. Farin wuya ba ya fito mata sai ta sake gashi, amma na fiffike da shi take barin sheƙa. Halal ɗinsa ya harba. A ba shi bindigarsa."

Tsveta ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da gyale. Nedyalka ta yi alamar gicciye sau uku, sannan ta daki kafaɗar mijinta, ban sani ba ko godiya ce ko haushin awa biyun da ya yi shiru. Ni kaina sai a lokacin na ga kofina ya huce ban kurɓa ba.

'Yan karta suka fara yi wa Radostina ba'a, wai ta koma ta tambayi wayarta. Fuskarta ta yi ja, idonta ya kawo ruwa. Trifon ya buga sanda a ƙasa.

"Wa ya san wannan a cikinku? Shekara nawa ina faɗa muku a zaure kuna gyangyaɗi? Ni a shekarata ta biyu na yi kuskuren nan, na riƙe bindigar bawan Allah mako uku, ba wanda ya nuna mini. Ita ta ga abin da take shakka ta tsaya ta duba, ku da kun wuce." Ya juya gare ta. "Gobe da sassafe ki same ni a bakin coci. Akwai kogo bakwai da zan nuna miki kafin in tafi."

Bayan an watse na zagaya bayan kanti, don a can hanyar gidana ta fi kusa in na ga dama. Na same shi zaune a kan akwatin kwalabe, yana ƙoƙarin ɗaure igiyar takalmi, sau uku yana gwadawa ya kasa. Wannan ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Trifon, kunnen dajin Orehitsa. Kai ne ka yi shekara talatin da takwas kana ƙirga abin da ba wanda ya aike ka ka so. Kai ne ka rubuta surukinka ranar da ya yi laifi, ka wanke shi ranar da bai yi ba, kuma da ido ɗaya ka duba duka biyun. Mun zage ka a bayan ido, ni ce ma kan gaba, na ce ka fi son tsuntsu da mutum. Ranar Litinin ɗin nan na gane da a ce kai mai sassautawa ne, da ba wanda zai yarda da kai sanda ka ce farin nan fari ne. Cewa za a yi ya rufa wa ɗan'uwan matarsa asiri. Amma ko Radostina ba ta nemi a kai birni a sake dubawa ba.

Da yamma Zlatko ya tura ƙofar gidan da ya yi shekara goma sha ɗaya bai taka ba, da kwalbar giyar inabi a hammata. Suka zauna ƙarƙashin rumfar inabi, Zlatko ya zuba musu a kofi.

"Yaya Trifon," in ji Zlatko, "da an buɗe ba a ga fari ba fa?"

"Da na rubuta."

"Na sani, tsohon banza." Ya ƙara masa giya. "Baɗi ka ajiye mini kujera a gaba a zauren nan. Daga baya ba a ganin fukafukan sosai."

Mun gode, Trifon. Allah ya saki gwiwar, ya ba Nedyalka haƙurin ganinka a gida tun safe har yamma. Ku kuma masu hatimi da masu bindiga, da mu masu baki, mutumin nan yana nan da ransa, gida na uku bayan coci. Ku je ku zauna kusa da shi ku koyi yadda ake jira a ga fiffike kafin a sa hannu. Ku tafi da kofinku, don Nedyalka ta ce ta gaji da wanke na baƙi.